Amalanken da Na Fara Haɗawa a Waya

Ni na ƙera injin da ya yanke mini yatsu. Abin da mutane suka fi son ji ke nan idan sun tambaye ni, shi ya sa nake fara faɗa musu shi, mu wuce wurin.

Shagona na walda yana bayan kasuwar Kafanchan, ta wajen layin dogo. Yawancin shekara ƙofofi da tagogi nake yi, amma da zarar an fara tonon citta sai aikin ya koma na injin yanka ta. Manoma suna tsaga citta kafin su shanya. Da wuƙa ake yi a da, gida guda ya wuni a kai. Injin kuwa faifan ƙarfe ne mai wuƙaƙe, bel yana juya shi, a zuba citta ta sama ta fito ta ƙasa a tsage.

Wanda ya kawo injin ranar wani Bafillatani ne manomi, daga wata ruga a hanyar Zangon Kataf. Dogo ne, gemunsa ya fara fari. Ya daɗe da zama wuri ɗaya, yana da 'yan shanu, amma noman citta da masara ya fi ba wa ƙarfi. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya. A wurina ya sayi injin shekarar da ta gabata, ya dawo da shi ne don yana cushewa. Na cire murfin, na tayar, na zuba citta kaɗan in ga inda take tsayawa. Wata ta maƙale a bakin faifan. Na sa hannu in ture ta. Babu wanda na taɓa sayar wa injin ban ja masa kunne a kan wannan ba.

Ban ji zafi ba. Ƙara na ji, kamar an karya busasshen kara. Na tsaya ina kallon bel ɗin yana juyawa, sai na lura fulin da yake hawa a kai ya ɗan karkace, na ce a raina ashe nan matsalar take. Malam ne ya kashe injin. Ya warware rawaninsa ya naɗe mini hannu, ya ɗora ni a babur, mai facin da ke kusa da ni ya hau baya ya riƙe ni. Da suka miƙa ni asibiti, Malam ya koma shago a guje ya tsince yatsun a hularsa ya kawo. Likita ya duba ya girgiza kai. Yatsu uku na hannun dama, na tsakiya duka. Aka bar mini babba da ƙarami.

Washegari Malam ya zo, ya tsugunna gefen gado.

"Injiniya, yaya zan yi da su?"

"Da me?"

"Yatsun."

"Yadda ka ga dama, Malam."

"Ba a yar da jikin mutum," in ji shi. Daga baya ya gaya mini ya binne su a gindin mangwaron da ke bayan shagon. Na ce na gode.

Da na dawo gida mutane suka yi ta zuwa. Zumuntar mata ta cocinmu suka zo da waƙa da garin masara. Fasto ya zo ya karanta Zabura, ya ɗora mini hannu a ka. Ina cewa amin a inda ya kamata. Mahaifiyata ta taso daga Manchok, tun daga bakin ƙofa ta fara kuka tana kiran sunana da yarenmu. Ta kama hannun ta rungume a ƙirjinta. Ina kallon ɗankwalinta, na ga ya fara yagewa ta gefe, na yi tunanin ya kamata a sai mata wani. Ban san abin da zan yi da fuskata ba, sai na bar ta yadda take.

Matata malamar kimiyya ce a wata sakandare. Ita ke wanke mini ciwon da safe kafin ta tafi, ta sa mini maɓallan riga, ta ajiye abinci da cokali a gefen hagu. Yaranmu biyu su tafi makaranta, gida ya yi shiru. Nakan zauna a baranda in kalli katanga. Ba tunanin shago nake ba, ba tunanin hannu nake ba. Idan rana ta kai ƙafata sai in ja kujera baya.

Ranar da aka cire zaren ɗinki, nas ta ce dole in riƙa motsa yatsu biyun da suka rage, in ba haka ba za su sandare. Ta ba ni wata 'yar ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na ajiye ta a kan taga, can ta zauna. Bayan mako guda matata ta dawo daga makaranta ta ɗauki wayata ba ta tambaye ni ba, ta yi 'yan danne-danne, ta miƙo mini.

"Baban yara, ga wannan wasan. Wani malaminmu ne ya nuna mini, da shi yake koya wa ɗalibai. Tunda ba ka son ƙwallo."

"Wasan yara ne."

"Ka yi dai. Da babban yatsa ake yi."

Wasa ne na haɗa inji. Ana ba ka fili babu komai, a gefe kuma ga kayan aiki: katako, sandar ƙarfe, tayoyi manya da ƙanana, inji, sifirin mai lotsawa, igiya, ƙugiya. Ka ja abu da yatsa ka ajiye inda kake so, ka haɗa da wani. In ka gama sai ka danna koren maɓalli, abin da ka haɗa ya sauka ƙasa da nauyinsa, kai kuma ka tuƙa. Aikin farko shi ne a ɗauki akwati daga wannan gefe a kai wancan, inda aka kafa tuta. Na shimfiɗa katako, na sa tayoyi huɗu da inji a baya, na danna. Motar ta ɗaga gaba sama ta kife, akwatin ya gangara rami. Na kalli abin na ɗan lokaci. Na san dalili: injin ya yi nauyi a baya. Na matsar da shi tsakiya. Ta tafi, ta kai tuta, wayar ta yi wani ɗan kiɗa.

Ba zan ce na ji daɗi ba. Abin da na sani shi ne da na ɗaga kai rana ta wuce ƙafata ta kai gwiwa ban ja kujera ba.

Daga ranar na samu abin yi. Nakan jingina wayar a kan filo bisa cinyata, tunda ba na iya riƙe ta da dama. Babban yatsan hagu yana tuƙi, na dama yana birki da ɗaga ƙugiya. Da farko bandeji yana taɓa gilashin wayar ba ta ji. Da aka cire shi, sai tabon ya riƙa taɓawa, wayar ta ɗauka yatsa ne, inji ya juya inda ban aike shi ba. Na koyi karkata hannun. Na haɗa gada mai ɗagawa. Na haɗa motar da ke hawa matakala. Na haɗa wani abu mai ƙafa shida da ya yi taku uku ya wargaje. Wasan yana nuna wani ɗan ɗigo ja a inda nauyin abin ya taru, idan kuma mahaɗa ta kusa karyewa sai launinta ya canja. Abubuwan da hannuna ya sani shekara da shekaru ba tare da na taɓa ganinsu ba, ga su a zane. Ban yi mamaki ba. Na dai riƙa wucewa daga wannan aiki zuwa na gaba.

Fasto ya sake zuwa ya same ni a kai. Ya leƙa, ya ga mota ta faɗa rami, ya ga na danna ta dawo sabuwa. Fuskarsa ta yi haske, na san ya samu wa'azi.

"Ɗan'uwa, ka ga yadda Ubangiji yake da mu ke nan. Kullum akwai sake farawa."

"To, Fasto," na ce. Na jira ya gama addu'a na ci gaba.

Kirsimeti ta zo. Matata ta dafa shinkafa da kaji, aka kai wa maƙwabta, su ma suka kawo. Na je sujada a coci, na zauna a baya da hannuna cikin aljihu. Mutane suna miƙo hannu mu gaisa, sai su tuna, su dafa mini kafaɗa. Da muka dawo gida ya cika da dangi, ni kuma na koma baranda, don akwai wani kirani, injin ɗaga kaya, da nake haɗawa wanda yake faɗuwa duk lokacin da ya ɗaga dutse na biyu. Mahaifiyata ta fito ta tsaya a kaina. Hausarta irin ta mutanenmu ce na gida.

"Wannan waya ya cinye ka," ta ce. "Mutum yana zaune kamar ba shi."

Na ci gaba da haɗa kiranin. Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, matata ta zo ta zare wayar daga cinyata ta kife a kan tebur.

"Ka dube ni."

Na dube ta.

"Tun ranar nan ba ka yi kuka ba. Ba ka yi faɗa ba. Ko tsaki ban ji ka yi ba. Na fi son ka fasa faranti, Baban yara, ka zage ni ma in kana so. Ni na kawo wasan nan, yanzu ji nake kamar in jefa shi a rijiya."

Idanunta sun cika. Na san wannan wuri ne da miji yake tashi ya riƙe matarsa, sai na tashi na riƙe ta. Ta yi kuka a kafaɗata. Ina jin ɗumin hawayen a rigata, ina kuma tunanin cewa in na ƙara wa kiranin nauyi ta baya ba zai faɗi ba. Da ta shiga ciki na gwada. Bai faɗi ba.

Malam yana zuwa duk ranar kasuwa. Yakan kawo kindirmo a galan, ya gaisa da matata in tana nan, ya cire takalmi ya zauna a tabarma ko da na nuna masa kujera. Ba ya dogon zance. Ya tambayi jiki, in ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ba ya kallon hannun. Yakan yi kamar rabin awa yana kallon ƙasa, ya tashi. Na san yana ganin laifinsa ne, tunda injinsa ne. Na san ya kamata in ce masa ba haka ba ne. Kullum sai in ga ya riga ya tafi.

Wata rana yana zaune ina fama da wata mota mai jan tirela a kan gangare. Duk saukowa sai tirelar ta ɗaga bayan motar ta juya ta. Sau huɗu ke nan. Ban san yana kallo ba.

"Kayan sun yi baya da yawa," in ji shi.

Na juyo. Ya miƙe wuya daga tabarma.

"Ko a jaki haka ne. Ka matso da su gaba kaɗan."

Na matso da su. Motar ta sauka lafiya. Ya ce, "Yawwa," ya matso kusa da kujerata.

A ranar ya yi magana fiye da duk zuwan da ya yi a baya. Ya ce gonarsa tana ƙetaren wani rafi, mota ba ta shiga. Daga gona zuwa titi akwai gangare zuwa rafin, sai hawa a ɗaya gefen. Buhu biyu yake ɗaurawa a babur, ya yi sawu ya fi a ƙirga, bara har ya faɗi da kaya ya gurɗe ƙafa. Ya taɓa ganin wani a hanya ya ɗaura wa babur amalanke, amma an ce masa abin yana kifewa.

"Wannan abin naka, ana iya sa babur a ciki?"

"Ana iya haɗa mai kama da shi."

"Da rafi?"

"Babu rafi. Akwai gangare. Zan iya zuba duwatsu."

Haka muka fara. Na haɗa abu mai taya biyu da inji, na sa masa amalanke a baya, na zaɓi fili mai kwari a tsakiya na watsa duwatsu. Malam yana gyara mini: a'a, gangaren ya fi haka tsayi, a'a, akwai kwana kafin a kai ruwa. Akwatuna huɗu muka ɗora a matsayin buhuna. Na ba shi wayar ya tuƙa. Yatsunsa manya ne, sun yi kanta, yana danna abu biyu a lokaci ɗaya. Babur ya tashi sama, amalanke ya bi ta kansa, akwatuna suka watse. Malam ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. Ban taɓa jin dariyarsa ba. Matata ta leƙo ta taga. Ni ina kallon haƙoransa, na ga ɗaya ya karye a gefe.

Mun yi makonni muna wannan. In ya tafi nakan ci gaba ni kaɗai, in ya dawo in nuna masa. Mun gano sai an sauke gadon amalanken ƙasa sosai. Mun gano tayoyin su ɗan wuce tsakiya zuwa baya, don nauyi kaɗan ya kwanta a kan babur. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne wurin ɗaurawa. In aka ɗaura a ƙarshen kariyar da ake ɗora kaya, babur yana ɗaga gaba a hawa. Na matsar da shi kusa da wurin zama, na sa mahaɗa mai juyawa sama da ƙasa da kuma gefe, yadda babur zai iya kwantawa a kwana amalanke bai bi shi ba. Ranar da Malam ya sauka kwarin ya hau ɗaya gefen sau uku a jere babu akwatin da ya faɗi, ya ajiye wayar a hankali a kan filo.

"To, Injiniya. Sai a yi na gaske."

"Da wane hannu?"

"Kana da baki," ya ce. "Ƙarfe ba ya tambayar wa ya riƙe shi."

Na ce zan duba. Ban yi niyyar dubawa ba. Amma ranar kasuwa ta gaba bai shigo ya zauna ba, ya tsaya a ƙofar gida bisa babur bai kashe ba. Matata ta kawo mini makullin shago da takalmi. Na ga ya fi sauƙi in hau da in yi bayani.

Shagon yana nan yadda na bar shi, sai yanar gizo-gizo. An wanke ƙasan, ban san wa ya wanke ba. Injin Malam yana lungu, an rufe shi da buhu. Bai taɓa ɗauka ba. Da wuƙa suka gama yankan cittar bana, shi da iyalinsa. Na ɗaga buhun. Na jira in ji wani abu. Inji ne, fentinsa kore, ni na shafa. Na ɗauki sufana da hagu na kwance fulin, na daidaita shi, na ɗaure. Na mayar da murfin da kusoshinsa duka.

"Ka tafi da shi," na ce. "Ba zai ƙara cushewa ba."

Ya kalli injin, ya kalle ni.

Na gwada walda da hagu a kan wani guntun ƙarfe. Hannun yana rawa, rodin waldar yana mannewa. Abin da ya fito kamar kashin kaza ne aka jera. Na buga da guduma ya rabu. A layinmu akwai wani mai walda da ya girme ni, wanda muka daɗe muna ƙwace wa juna masu ciniki, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Malam ne ya je ya kira shi. Ya zo da gilashinsa a goshi, ya kalli zanen da na kwafa daga waya a bayan kwali.

"A ina ka samo wannan?"

Na nuna masa wasan. Ya kalli babur ɗin yana sauka kwari.

"Ƙarfe ba wasan katun ba ne," ya ce.

"Na sani, Oga."

"Wannan mahaɗar taka, da me za ka yi ta?"

"Akwai irinta a ƙarƙashin mota. Mu nemo tsohuwa a wurin 'yan gwangwan."

Ya sosa wuya. Sannan ya sauke gilashin kan idonsa.

Kwana biyar muka yi. Ni ke awo da alli, ni ke riƙe ƙarfe da hagu ina danne shi da gwiwar hannun dama, shi yana ƙonawa. Wani lokaci in ga zai yi abu ba yadda ni zan yi ba, in buɗe baki, in ga ba shi da amfani, in rufe. Wani lokaci kuma in faɗa, ya yi tsaki, ya yi yadda na ce. Tayoyin tsohon babur muka sa. Na shafa fenti da hagu, ya ɗiga a wurare da yawa.

Lokacin an fara shirin shuka, Malam yana son kai takin shanu gona. Muka tafi rugar da safe, shi a gaba yana jan amalanken, ni a bayan wani ɗan acaba. A titi abin ya tafi sumul, mutane suna juyowa. Muka loda buhu huɗu. Gangaren yana nan kamar yadda ya kwatanta, har da kwanar. Ya sauka a hankali, amalanken yana bin sa kamar ɗan maraƙi. Da ya shiga rafin sai tayoyin suka nutse a yashi har rabi. Babur ya yi ta kuka yana watsa ruwa, bai motsa ba. A wasan babu yashi. Ƙasar wasan ko'ina tauri gare ta.

Muka sauke buhunan. Malam da ƙaninsa suka ɗauka a ka suka haye da su, ni na tsaya a cikin ruwa riƙe da amalanken kada ya tafi. Ruwan yana da sanyi. Ina kallon ƙananan kifaye suna zagaya ƙafata.

Na koma na nemo tayoyin keke-napep masu faɗi. Sai da muka yanke gindin muka sake shi, ni da Oga, tunda boris ɗin da taya ke juyawa a kai ba ɗaya ba ne. Mako biyu bayan nan muka koma rafin. Wannan karon ya shiga, ya ɗan yi jinkiri a tsakiya, ƙanin Malam ya tura da hannu ɗaya, ya fita ya hau ɗaya gefen da buhu huɗu. Mutanen rugar da suka taru a bakin rafi suka yi ta magana da Fulatanci. Malam ya yi sawu shida kafin azahar. Daga baya mutum uku daga rugagen wajen sun zo neman irinsa, haka ni da Oga muka haɗe shago, ni awo da zane, shi wuta. Har yau haka muke. Duk abin da ban taɓa yi ba nakan fara haɗa shi a waya, sannan in tambayi mai shi yadda ƙasar wurinsu take.

Amma a ranar, da ya gama sawun, Malam ya yi salla a gindin wata ɗorawa ina zaune nesa kaɗan ina jira. Aka kawo mana fura a ƙwarya. Na tsaya ina kallonta. A gidana na saba ci da hagu, amma ban taɓa yi a gidan mutane ba. Malam ya ɗauki ludayi ya sa mini a hannun hagu da kansa, ya juya ya ci gaba da magana da ƙaninsa. Na sha.

Ya ce shi zai mayar da ni Kafanchan. Muna tsakiyar hanya hadari ya haɗu, ruwan farko na shekara mai ƙarfi. Muka fake a wata rumfar masu sayar da doya da babu kowa a ciki. Ruwa yana dukan kwano, ƙasa tana ƙamshi. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallon titi.

"Injiniya."

"Na'am."

"Har yanzu kana jin haushina?"

"Ban taɓa ji ba, Malam."

"Ko kaɗan?"

"Ni na sa hannuna. Ni na cire murfin."

Wata mota ta wuce tana fesa ruwa.

"Da ka ji, da ya fi mini sauƙi," ya ce. "Da na san abin da zan roƙa."

Na ce ya riƙa sa wa mahaɗar giris duk mako, kada kuma ya wuce buhu huɗu ko da ya ga amalanken yana ɗauka. Ya ce to. Da ruwan ya tsagaita ya goge wurin zama da hannun rigarsa muka hau.

Na sami matata a falo da tarin takardun jarrabawa a cinyarta, jan biro a baki. Ta dube ni daga sama har ƙasa, wandona duk laka.

"Ya haye?"

"Ya haye."

"Da kaya?"

"Buhu huɗu. Sau shida."

Ta cire biron daga bakinta. "Ka ji daɗi?"

Na tsaya na yi tunani, don ba na son in yi mata ƙarya.

"Na ji yunwa a hanya," na ce.

Ta ɗan ƙara kallona. Sannan ta kwashe takardun ta ɗora a kujera, ta ce in cire wandon a waje kada in ɓata mata ɗaki, ta shiga kicin ta kunna risho.